Da Ruwa Ake Tarbar Baƙo



A watan Oktoban da ya gabata, wata ranar Laraba bayan sallar isha'i, ruwan Duwala yana zuba yadda ya saba, wani magidanci daga unguwarmu ta New Bell ya yi sallama a zauren dattijon da muke yi wa hidimar rubutu. Bayansa akwai ɗansa, saurayi ɗan shekara 19, wanda unguwa ta yi murna da shi makonni uku kafin wannan dare, saboda ya sami gurbi a wata babbar makaranta a wani gari. Mun san yaron tun yana zuwa makarantar allo da allonsa a hammata. Mu ne ma muka cike masa wasu takardu ranar da zai tafi. Ya shigo yana ɗingishi, ya zauna can bakin ƙofa inda ake ajiye takalma.

Dattijo ya ce, "Matso kusa, ɗana. Me ya dawo da kai gida, karatu ko fara nisa bai yi ba?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Uban ne ya amsa, "Ranka ya daɗe, ka ce ya cire hularsa."

Da ya cire, sai muka ga an kwashe masa gashin tsakiyar kai an bar gefe, irin askin da ake yi wa mutum don a yi masa dariya. Daga nan ya ba da labari da kansa, yana yi yana tsayawa. A daren farko tsofaffin ɗalibai suka tara sabbi a bayan ɗakunan kwana, suka sa su rarrafe cikin taɓo, suka sa su kukan awaki, aka laƙaba wa kowa sunan izgili, aka karɓe kuɗin da ke aljihunsu. A dare na uku aka kawo giya cikin bokiti, aka ce kowa sai ya sha. Ya ce shi Musulmi ne, ba ya sha. Aka ce to, ya durƙusa a kan tsakuwa har gari ya waye. Ana kwara masa ruwa, wani yana ɗaukar hotonsa da waya. Ya ce duk wannan bai ƙona masa rai ba kamar abu guda: wanda yake riƙe da wayar ya sunkuyo ya raɗa masa da Hausa, "Ka yi haƙuri, mu ma bara haka aka yi mana."

Masu Faransanci suna kiran wannan al'ada bizutaj. A Hausa ba mu ga kalmar da ta fi kusa da ita ba sai gwale-gwale, wato wahalarwa da wulaƙancin da tsofaffin 'yan wata makaranta ko ƙungiya suke ɗora wa sabon shiga kafin su yarda ya zama ɗaya daga cikinsu. A da muna jin labarin abin daga nesa, domin 'ya'yanmu kaɗan ne suke wuce firamare. Yanzu al'amari ya canja. Tun daga 1993, da gwamnati ta raba jami'ar Yawunde ta mai da jami'o'in ƙasa guda 6, ciki har da ta Duwala da ta Ngaundare, sannan aka ƙara ta Marwa a 2008, yaranmu maza da mata suke ta shiga manyan makarantu. Abin da yake faruwa a bayan ɗakunan kwanan ɗalibai ya zama maganar cikin gidanmu.

Zauren ya rabu a wannan dare, kuma muna so mu kawo maganar kowane ɓangare yadda ya faɗe ta, domin ba wawa a cikinsu.

Wani tsohon soja, maƙwabcinmu, ya ce wa uban yaron, "Alhaji, ka mai da shi gobe. Namiji ba ya gudun wuya. Mu da muka shiga bariki an yi mana abin da ya fi wannan, ga mu nan da ranmu. Waɗanda muka sha wuya tare da su har yau sun fi mini wasu 'yan'uwa na jini. Ku dubi Fulani da sharo, wa ya ce musu azzalumai?"

Wani ɗan boko, ma'aikacin ofis, ya dubi dattijo ya ce, "Baba, a gafarce ni. Waɗannan da suka sa shi rarrafe su ne gobe za su zama manya a ma'aikatu. Mu 'yan tsiraru ne a kudancin ƙasar nan. Idan ɗanmu ya ware kansa tun shekarar farko, wa zai tuna da shi ranar da ake raba aiki? Mako biyu ne, ya daure ya wuce. Ban da haka ma, ba wanda ya ɗaure shi, da ƙafarsa ya je wurin."

Dattijo bai yanke hukunci a daren ba. Ya ce a kai yaron asibiti a duba gwiwoyinsa, a dawo ranar Juma'a. Mu kuma ya ce mu rubuta abin da muke gani, a karanta wa jama'a. Ga abin da muke gani: gwale-gwalen sabon shiga zalunci ne, ko an kira shi wasa, ko an kira shi al'ada, kuma mu 'yan zango mun fi kowa dalilin ƙin sa. Amma sai mun amsa hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da ta tsohon soja, domin akwai gaskiya a cikinta. Wuyar da aka sha tare tana haɗa zukata, wannan ba a musu. Masana halayyar ɗan Adam ma sun gwada abin. A 1959 wasu biyu a Amurka, Elliot Aronson da Judson Mills, suka sa wasu ɗalibai mata su sha kunya mai tsanani kafin a shigar da su wani zaman tattaunawa, wasu kuma aka shigar da su cikin sauƙi. Zaman da gangan aka shirya shi ya zama marar armashi. Waɗanda suka sha kunya kafin su shiga su ne suka fi yabon sa. Masu kare gwale-gwale suna iya cewa ga hujjarsu. Mu kuwa abin da muka fahimta daga ciki shi ne zuciya ba ta son ta yarda ta sha wuya a banza. Wanda ya sayi rago da tsada a jajibirin Layya, ya zo gida ya tarar yana tari, shi ne zai fi kowa yabon ragon a bakin ƙofa. Yabon bai warkar da ragon ba. Haka soyayyar da ɗalibi yake yi wa ƙungiyar da ta wulaƙanta shi: hanya ce ta rarrashin kansa.

Batun bariki kuma, ba mu ga sun yi kama ba. Horon soja yana da manufa da aka sani, wato shirya mutum ga yaƙi. Mai ba da horon an san sunansa da muƙaminsa, akwai na sama da shi da zai tuhume shi idan ya wuce gona da iri. A bayan ɗakin kwanan ɗalibai kuwa, wanda yake riƙe da bulala yaro ne da ya girmi ɗan'uwansa da shekara guda, cikin dare, sau da yawa cikin maye, ba mai ce masa ya isa. Kuma wane yaƙi ne ake shirya ɗalibin lissafi ko na likitanci da sa shi kukan akuya?

Sharo, wanda Hausawa suke kira shaɗi, shi ma mu dube shi da kyau. Malamai da yawa ba su yarda da shi ba, kuma mu ba kare shi muka zo yi ba. Amma ko shi yana da ƙa'idojin da suka raba shi da abin da aka yi wa ɗanmu. Da rana ake yin sa, a fili, gaban iyaye da dangi. Tsara da tsara ne suke karawa. Wanda aka doka yana da ranar ramawa a kan wanda ya doke shi, shi ɗin dai, ba wani ba. Akwai manya a tsaye masu raba su. Wanda ya jure kuma kirari ake yi masa, ya fita filin da kansa a sama. A gwale-gwale an juya kowace ƙa'ida. Cikin duhu ake yi, babba ne a kan ƙarami, taro ne a kan mutum guda, ana so ne a ga ya ƙasƙanta, kuma ramuwarsa ba ta komawa kan wanda ya zalunce shi. Tana jiran wani yaro da bai zo ba tukuna, wanda yanzu haka yana aji na ƙarshe a sakandare, uwarsa tana tara masa kuɗin makaranta.

Wannan shi ne mugun ciwon da ke cikin al'adar, kuma shi ne abin da aka raɗa wa ɗanmu a kunne. Yaron da ya riƙe waya bara shi ne a durƙushe. An ba shi bashin wulaƙanci, aka nuna masa cewa ba inda zai karɓi biya sai a jikin na bayansa. Haka kowace shekara take miƙa wa ta gaba, kuma kowa yana ƙara ɗan wani abu a kan abin da aka yi masa, don kada a ce shi ne rago. Abin da ya fara da aski yakan kai ga bokitin giya, bokitin giya yakan kai ga makara.

Ba mu faɗi makara don tsoratarwa ba. Ɗan bokonmu ya ce mu 'yan tsiraru ne, dole ɗanmu ya nemi shiga cikin manyan gobe. To, ga labarin wani da ya yi wannan lissafi. Sanda Dia saurayi ne ɗan shekara 20, yana karatun injiniya a jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam. Mahaifinsa ɗan Afirka ta Yamma ne da ya yi ƙaura can, yana aikin masana'anta. Sanda ya nemi shiga wata ƙungiyar ɗalibai mai suna Reuzegom, wadda akasarin 'ya'yanta 'ya'yan masu hali ne. A watan Disamba na 2018 aka yi musu bikin shiga. Aka ɗirka masa giya, aka zaunar da shi cikin rami mai ruwan sanyi a tsakiyar hunturu, aka sa shi shan romon kifi mai tsananin gishiri. Gishirin ya yi wa jininsa yawa, ya rasu a asibiti ranar 7 ga Disamba. A watan Mayu na 2023 kotu a Antwerp ta sami 'yan ƙungiyar su 18 da laifi. Hukuncinsu aikin al'umma na sa'o'i 200 zuwa 300 da tarar yuro 400 kowanne. Ba wanda ya tafi kurkuku. Uban da yake ganin ɗansa zai sami manyan abokai ta wannan ƙofa, ya tsaya ya auna wannan hukunci da ran ɗan mutum.

Ɗan tsiraru shi ya fi kowa shiga haɗari a irin wannan wuri, saboda shi ya fi kowa buƙatar a karɓe shi. Ɗan gari idan abin ya ishe shi yana iya tashi ya tafi, yana da dangi da abokai a ko'ina. Baƙo yana ganin idan wannan ƙofa ta rufe ba wata, sai ya daure abin da bai kamata a daure ba. Masu wulaƙanta shi kuma sun san inda za su taɓa: addininsa, harshensa, hularsa, ɗankwalin 'yar'uwarsa. Abotar da aka fara da taka abin da mutum ya fi darajantawa, ba mu ga yadda za ta zama abin dogaro ranar raba aiki ba. Wanda ya ga ka durƙusa don tsoronsa zai tuna da kai, amma a matsayin wanda yake durƙusawa.

Saura maganar cewa da ƙafarsa ya je. Faransa, inda kalmar bizutaj ta fito, ta yi wannan muhawara ta gama. Dokar da suka kafa a watan Yuni na 1998 ta mai da gwale-gwale a makarantu laifi mai hukuncin ɗaurin wata 6, da tarar da a yau ta kai yuro 7,500, kuma dokar ta bayyana cewa laifi ne ko wanda aka yi wa ya yarda ko bai yarda ba. Sun gane cewa yaron da mutum talatin suka kewaye cikin dare, a garin da bai san kowa ba, idan ya ce ya yarda, tsoro ne ya yi magana da bakinsa.

A Amurka al'adar ta fi ƙarfi a ƙungiyoyin ɗalibai masu sunaye da haruffan Girkanci, na maza daban, na mata daban, waɗanda suke da gidajensu a kewayen jami'o'i. A watan Fabrairu na 2017 wani ɗan shekara 19 mai suna Timothy Piazza, a jami'ar jihar Pennsylvania, aka sa shi shan giya mai yawa a daren shigarsa, ya faɗo daga matakala. 'Yan ƙungiyar suka bar shi kwance kusan sa'o'i 12 kafin su kira masu agaji, ya rasu. A lura da wannan jinkiri. Waɗanda suke kiran kansu 'yan'uwansa tsoron tonuwar asirin ƙungiya ya fi musu ransa. Sai a watan Disamba na 2024 Amurka ta kafa dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i su riƙa bayyana irin waɗannan laifuffuka a rahotanninsu, bayan shekaru iyayen da suka rasa 'ya'ya suna faɗi tashi.

Ba sai mun ƙetare teku ba. Maƙwabciyarmu Najeriya, inda yawancinmu muke da dangi, ta nuna mana inda hanyar take ɓullewa. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a kwalejin jami'a ta Ibadan, da niyyar yaƙi da ƙabilanci da girman kan 'yan boko masu kwaikwayon Turawa. Ba su kafa ta don kisa ba, kuma ita kanta ta janye daga harabar jami'o'i a 1984. Amma salon ya riga ya yaɗu. Wasu suka ɓalle suka kafa nasu, wasu suka kwaikwaya, aka shigo da rantsuwar ɓoye sirri, da bikin shiga cikin daji da dare, da duka, har abin ya zama ƙungiyoyin asiri masu bindiga. Ranar 10 ga Yuli, 1999, 'yan irin wannan ƙungiya suka afka wa ɗakunan kwanan jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife kafin asuba, suka kashe ɗalibai 5, ciki har da sakataren ƙungiyar ɗalibai, George Iwilade. Darasin a bayyane yake: duk taron da sharaɗin shigarsa shi ne ka jure cuta kuma ka rantse ba za ka faɗa ba, ya riga ya koya wa 'ya'yansa abu biyu da ɗan ta'adda yake buƙata, taurin zuciya da kama baki.

Kafin mu nuna wa makarantun boko yatsa, adalci ne mu leƙa namu ɗakin. Mu da muka yi karatun allo a arewa mun san matakan tsangaya: ƙolo, titibiri, gardi, har zuwa alaramma da gwani. Mun yi itacen da ake hura wutar karatun dare, mun ɗebo ruwa, mun wanke wa manya tufafi. Ba mu yi nadamar wannan ba, domin hidima ce mai amfani ga kowa, kuma gardin kirki yakan biya ta da biya mana karatu da kāre mu daga 'yan gari. Amma ƙarya ne mu ce ba mu ga gardin da yake ƙwace wa ƙolo abincin da ya samo ba, ko wanda yake dukan yaro don kawai shi ma an doke shi. Mun gani, wasunmu an yi mana, wasunmu kuma da muka girma mun yi. Haka a kasuwa, mun san yadda wasu tsofaffin yaran shago suke gasa wa sabon yaro aya a hannu, maigida yana gani yana kau da kai. Ma'aunin guda ne a ko'ina. Idan aikin da aka sa ƙarami yana da amfani, kuma wanda ya sa shi ba zai ji kunyar a yi shi gaban uban yaron ba, hidima ce. Idan amfaninsa kawai a yi dariya, kuma sai an jira dare an rufe ƙofa, zalunci ne.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a nan ba. Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabi. A huɗubar bankwana Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya haramta jini da dukiya da mutuncin juna. Duk ukun an taɓa su a daren da aka durƙusar da ɗanmu. Kuma da Muhajirai suka isa Madina, sabbin shiga ne a garin da ba nasu ba, abin da aka yi shi ne aka haɗa kowanne da ɗan'uwa daga cikin Ansar. Abdurrahman ɗan Aufu aka haɗa shi da Sa'adu ɗan Rabi'u, wanda ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Zumuncin da aka ƙulla ta wannan hanya ya ɗauki nauyin da ba wata ƙungiyar ɗalibai da za ta iya ɗauka.

Sannan mu tuna su wane ne mu. Unguwar nan ta New Bell Jamusawa ne suka shata ta lokacin da suka ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wuri, rikicin da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya ta zama unguwar baƙi. Kakanninmu fatake sun gangaro ta Garwa da Ngaundare da Tibati da Yoko, ba su san kowa ba, ba su jin harshen gari. Abin da ya tsai da su shi ne al'adar zango. Baƙo ya sauka, a ba shi ruwa kafin a tambayi sunansa. A kai shi gidan fatoma, wato maigidan da zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. An jarraba baƙo kuwa, sosai ma. Akan ba shi ɗan kaya bashi a ga ko zai dawo da kuɗi. Akan lura da shi a masallaci da wurin cin abinci. Jarrabawar amana ce, kuma wanda ya ci ta yakan zama ɗan gida, har a ba shi 'ya. Ta haka aka gina zangon Briketeri a Yawunde, da Sabo a Ibadan, da zangon Kumasi. Har yau a kudancin ƙasar nan idan za a kira ɗan arewa Musulmi akan ce masa magida, wato maigida. Sunan da maƙwabta suka san mu da shi sunan mai saukar baƙi ne. Abin kunya ne a ce jikan fatoma shi ne yake riƙe waya ana kwara wa baƙo ruwa.

Ga abin da muke ba da shawara, kuma dattijo ya amince a kawo shi gaban jama'a.

Na farko, kowace shekara kafin a koma makaranta a watan Satumba da Oktoba, iyaye su kawo sunayen yaran da suka sami gurbi da garuruwan da za su. Za mu rubuta wa dattawan zangon kowane gari, a haɗa kowane yaro da maigida a can, da kuma tsohon ɗalibi mai hankali a makarantarsa. Yaron da ya san yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa da tsakar dare, ba zai durƙusa don tsoron kaɗaici ba. 'Yan mata a haɗa su da uwar ɗaki, domin su abin da ake yi musu ya fi wuyar faɗa.

Na biyu, iyaye su daina tambayar sakamakon jarrabawa kaɗai. A makonnin farko a kira yaro, a tambaye shi inda yake kwana, da waɗanda suke shigo masa ɗaki, da abin da aka karɓa a hannunsa. Idan ya faɗi abin da aka yi masa, kada a fara da ce masa rago. Kalmar nan ita ce take rufe bakin yara har sai an kira mu asibiti.

Na uku, idan an cuci yaro, a kai shi likita a karɓi takardar shaida, a rubuta ƙara ga shugabannin makarantar, a ajiye kwafi. Maganar baki iska ce a ofis. Rubutun aikinmu ne, ba ma karɓar ko sisi a kansa. Kuma a rubuta ƙarar saboda dukan sabbin ɗalibai, Bamileke ne ko Basa ko Duwala, Kirista ko Musulmi, domin gwiwar kowa tsakuwa tana cin ta.

Na huɗu, tsofaffin ɗalibanmu su zo zaure lokacin hutu, su yi alkawari gaban iyayensu cewa ba za su sa hannu a wulaƙanta sabon shiga ba, kuma ba za su yi wa kowace ƙungiya rantsuwar ɓoye cuta ba. Idan suna son a san su ne manya, hanyar a buɗe take: su tari sabbi a tasha, su nuna musu ofisoshin rajista, su ba su tsofaffin littattafai, su dafa musu shinkafa a daren farko. Na ƙasa ba ya manta wanda ya yi masa haka.

Na biyar, malaman allo da masu shaguna su sa ido a kan abin da manyan yara suke yi wa ƙanana a ƙarƙashinsu. Ba za mu iya rubuta wa wata makaranta takardar ƙara ba alhali irin abin yana faruwa a soronmu.

Ranar Juma'ar da aka dawo, dattijo ya ce yaron ya koma karatunsa, domin barin makaranta riba ce ga waɗanda suka cuce shi. Amma ba shi kaɗai ya koma ba. Ƙanin mahaifinsa ya raka shi da takardar da muka rubuta, da wata ta biyu zuwa ga wani dattijon zangon garin. Tsohon sojan nan, wanda ya ce a mai da shi gobe, shi ne ya biya musu kuɗin mota, ko da yake har yanzu yana cewa yaran zamani ba su da ƙashi. Da za su tashi, dattijo ya riƙe hannun yaron ya ce, "Ɗana, abin da aka yi maka ya wuce, Allah Ya saka maka. Ni baɗi nake jin tsoro, ranar da za a miƙa maka bokitin a ce kai ne babba."

Yaron ya ce, "In sha Allahu, Baba, ba zan karɓa ba."

Oktoba mai zuwa za mu sani. Kafin nan, duk mai ɗa ko 'ya da zai tafi babbar makaranta bana, ya kawo mana suna bayan sallar la'asar, littafin yana nan a buɗe. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare su daga zalunci, Ya tsare mutane daga zaluncinsu.

Wassalamu alaikum, daga New Bell, Duwala.